Daga Wasiƙar Fada zuwa Fom na Kwamfuta: Waiwaye kan Tarihin Aikin Ofis a Ƙasar Bauci

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta domin cike fom na neman aiki, ko na shiga jami'a, ko na buɗe asusun banki, ya san gurabun nan guda uku da ake fara cin karo da su, wato na sunan iyali da na sunan yanka da na suna na tsakiya. To, bari mu gwada su da sunan mutumin da ya fito da sunan Zungur a idon duniya, Malam Ahmad Mahmud Sa'adu Zungur. Kalmomi huɗu ne, gurabu kuwa uku. Ta ƙarshen ba sunan mahaifinsa ba ce, sunan gari ne da ke kudu da birnin Bauci. A tsakiyar ta ukun akwai alamar hamza, wadda fom da yawa ba sa karɓa. In aka zo gurbin ranar haihuwa kuma, rubuce-rubucen da aka yi a kansa sun saɓa, wasu sun ce 1914, wasu 1915, alhali fom ba zai bari a wuce ba sai an ba shi rana da wata da shekara. Ranar rasuwarsa ce kaɗai, a Janairun 1958, ba ta da gardama.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda aka zo wannan matsayi. Za a dubi hanyoyin da aka bi wajen haɗa aikin mutane da yawa a kan al'amari ɗaya a ƙasar Bauci, tun daga zamanin wasiƙar fada, zuwa fayil na En'e, har zuwa manhajojin da suke zagaya da fom daga tebur zuwa tebur ba tare da masinja ba. Abin da ya sa batun ya shafi manazarta harshe shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare yana da irin maganar da ya yarda a yi a cikinsa, da irin wadda ya toshe wa hanya.

2.0 Wasiƙa da Ƙofa

Malam Yakubu, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa birnin Bauci a wajajen 1809, ya kuma yi mulki har 1845. Daular da Bauci ta zama wani yanki nata daula ce ta alƙalami. Sarakunan tuta suna aika wa Sakkwato wasiƙu da Larabci, ofishin Waziri kuma yana amsawa yana adanawa. Wasu daga cikin wasiƙun da Turawa suka tarar a gidan Waziri Buhari a 1903 su ne H. F. Backwell ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a 1927, Murray Last kuma ya dogara ƙwarai da irin waɗannan takardu a littafinsa na 1967 kan daular.

Wanda ya duba wasiƙun zai ga suna da ƙa'ida tsayayya: hatimi a sama, sai sunan mai aikowa da na wanda aka aika wa, sai gaisuwa gwargwadon matsayi, sai kalmar da ke raba gaisuwa da saƙo, sai saƙon a taƙaice, sai sallama. Ta wannan fuska ana iya cewa wasiƙar fada ita ma fom ce, don kuwa magatakarda ya san abin da zai zo a kowane wuri. Amma akwai abubuwa biyu da suka bambanta ta da fom na yau. Na farko, galibinsu ba su ɗauke da kwanan wata, abin da ya wahalar da masana tarihi matuƙa. Na biyu, takardar ba ita ce dukkan saƙon ba. Manzon da ya ɗauko ta yana ɗauke da sauran bayani a bakinsa, takarda kuwa shaida ce cewa lalle aiko shi aka yi.

Hanyar da magana ke bi ita ma a tsare take. Talaka ba ya isa ga sarki sai ta ƙofa, wato wani basarake ko bafade da aka ɗora wa alhakin shigar da al'amuran wani gari ko wata jama'a. Hakimai suna zaune a birni, jakadunsu ne ke kai da kawowa tsakaninsu da garuruwan da suke riƙe da su. Abin da masana kwamfuta suka zo suna zanawa da kibau a kan allo a shekarun 1970, suna cewa daga wannan jami'i sai wancan, ƙofa ta riga ta yi shi da mutane. Sai dai ƙofa tana da kunne. Tana iya jin uzuri, tana iya sassauta lafazi kafin ya isa, haka kuma tana iya danne magana ko ta nemi a ba ta goro.

3.0 Fayil da Fom a Zamanin En'e

Sojojin Ingila sun shiga Bauci a Fabrairun 1902, aka tuɓe Sarki Umaru, aka bar C. L. Temple a matsayin Razdan na farko. Cikin shekaru goma da suka biyo baya aka yi sauye-sauye uku waɗanda su ne tushen aikin ofis kamar yadda muka san shi. An tilasta wa hakimai su bar birni su tare a gundumomi masu iyaka, ta haka ƙasashe irin su Zungur suka zama gundumomi da hakimi da malamansa. An haɗe kuɗin ƙasa da sauran kuɗaɗe iri-iri aka mayar da su haraji guda, ban da jangali. Sannan aka kafa Baitulmali, wanda H. R. Palmer ya fara gwadawa a Katsina, ya kuma bazu a masarautun Arewa tun wajen 1911, aka yanka wa sarki da hakimi da alƙali albashi.

Kowane ɗaya daga cikin ukun nan takarda yake ci. Haraji yana bukatar littafin ƙidaya mai layuka, gida-gida, da rasit mai lamba wanda ake yage rabi a ba mai biya a bar rabi a littafi. Baitulmali yana bukatar bauca, ma'aji ba zai fitar da kwabo ba sai ya ga sa hannun wanda aka yarda ya sa. A nan ne Bahaushe ya fara haɗuwa da takardar da aka riga aka buga, aka bar masa 'yan gurabu kawai ya cike. A nan ne kuma harshen ya yi aron kalmomin da har yanzu muke amfani da su: ofis, fayil, rasit, bauca, rajista, masinja, lasin, tafireta daga Ingilishi, da akawu daga Yarbanci, abin da ke nuna daga ina akawunan farko suka fito. Tsofaffin kalmomi irin su magatakarda da ma'aji da hatimi ba su mutu ba, an dai ba su sabon aiki.

Fayil shi ne babbar ƙirƙirar wannan zamani, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Fayil ba jakar ajiye takardu ba ce kawai. A bangonsa ana rubuta wanda aka aika wa da ranar da aka aika, a cikinsa kuma kowane shafi yana da lamba, kowane jami'i yana rubuta ra'ayinsa a ƙarƙashin na wanda ya gabace shi, ya sa hannu da kwanan wata, ya mayar da shi rajista. Wasiƙar hakimi takan bi ta fadar sarki, ta je wa Di'o, ta je wa Razdan, in ta yi nauyi ta wuce sakatariya a Kaduna, amsa kuma ta biyo sawu. Wanda ya je Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ya nemi fayilolin Lardin Bauci zai iya bin muhawara guda daga farkonta har ƙarshe, ya ga wa ya ce me, da kuma wanda ya yi shiru. Akwai ma gajerun alamomi na Ingilishi da jami'ai ke rubutawa, ɗaya tana nufin a dawo da fayil rana kaza, wata tana nufin a ajiye shi an gama, wata kuma tana nufin a riƙa tunawa da shi. Wannan ta ƙarshen, kamar yadda duk tsohon akawu ya sani, sau da yawa kabarin magana ce.

Ta fuskar harshe, ofishin En'e hawa uku ne. Alƙalai sun daɗe suna rubuta shari'a da Larabci. Aikin haraji da Baitulmali da wasiƙun hakimai ya koma Hausa da rubutun boko, domin Lugga da waɗanda suka gaje shi sun fifita boko a kan ajami. Ra'ayoyin Turawa a cikin fayil kuwa da Ingilishi suke, wato dai hawan da ake yanke hukunci yana cikin harshen da mai ƙara ba ya ji. Duk da haka, dole a faɗi gaskiya: a wannan zamani Hausa harshen aikin hukuma ce, ana buga fom da rasit da sanarwa da ita. Baƙaƙen nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutu a shekarun 1930 ta hannun Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin R. M. East, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa su daga 1939, tsarin mulki na 1954 kuma ya amince da Hausa tare da Ingilishi a majalisun Jihar Arewa.

'Yan boko na farko a Bauci sun fahimci ƙarfin takarda da wuri. Ƙungiyar muhawarar da aka kafa a birnin a farkon shekarun 1940, wadda Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Balewa da Aminu Kano suka yi fice a cikinta, makamanta su ne ajanda da rubutaccen bayanin taro da wasiƙa. Tambayar da aka jefa a wani zamanta kan abin da ake dubawa wajen yanka wa sarki albashi tana cikin abubuwan da suka jawo aka rufe ta. Tambaya ce ta Baitulmali, wadda ba za ta yiwu ba kafin a sami bauca.

Bayan kafa Jihar Bauci a Fabrairun 1976, da gyaran ƙananan hukumomi na shekarar, En'e ta kau, amma fayil bai kau ba. Abin da ya kau a hankali shi ne Hausar da ke cikinsa.

4.0 Yadda Aka So a Mayar da Ofis Cikin Kwamfuta

A shekarun da ake gina sakatariyar sabuwar jiha a Bauci, a Amurka ana ƙoƙarin rushe ofishin takarda baki ɗaya. A 1975 mujallar BusinessWeek ta yi hasashen ofis maras takarda. A cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto aka ƙera manhajar Officetalk, wadda ke nuna wa akawu hoton fom a kan allo, da tiren shiga da tiren fita, ya cike ya tura wa na gaba. A 1977 Michael Zisman ya rubuta kundin digirinsa na uku a makarantar Wharton kan yadda kwamfuta za ta riƙe ƙa'idar aiki da kanta, ta san wa ya kamata ya karɓi takarda, ta kuma tunatar da wanda ya yi jinkiri. A 1984 Irene Greif da Paul Cashman suka kira taron da ya raɗa wa fagen suna, wato nazarin aikin haɗin gwiwa da taimakon kwamfuta, a 1989 kuma Lotus Notes ya shiga kasuwa. Da intanet ta bazu a shekarun 1990, sai fom ya fita daga ofis ya shiga hannun jama'a: mai nema ne da kansa yake yin aikin da akawu ke yi a da.

Akwai wata manhaja ta wancan lokaci da ya kamata masana harshe su san labarinta, domin daga fagensu aka ɗauko tubalinta. Sunanta The Coordinator, ta kamfanin su Fernando Flores, wanda ya bayyana tunanin da ke bayanta a littafin da suka wallafa da Terry Winograd a 1986. Sun ɗauki ra'in aikatau na magana na J. L. Austin da John Searle, cewa furuci aiki ne, suka ce aikin ofis ba kome ba ne illa jerin roƙo da alkawari da cikawa. Saboda haka mai aika saƙo sai ya fara bayyana wa manhajar ko saƙonsa roƙo ne, ko tayi, ko alkawari, ko ƙi, ita kuma ta riƙe lissafin wanda ake bi bashin alkawari. Ma'aikata a wurare da dama sun ƙi ta. A 1994 Lucy Suchman ta rubuta maƙalar da ta yi suna, inda ta nuna cewa rabe-raben nan ba bayanin yadda mutane ke magana ba ne, hanya ce ta horar da su su yi magana yadda hukuma za ta iya ƙirgawa.

A gwada wannan da Hausar ofis. Idan babban jami'i ya ce wa mai nema "za a duba", ko "sai mun gani", ko "to, Allah ya nuna mana", a wane gurbi za a sa furucin? Ba alkawari ba ne, ba kuma ƙi ba ne, an ƙera shi ne musamman don kada ya zama ɗayansu, saboda a tsare mutuncin mai nema da na wanda ake nema a wurinsa. Haka nan ƙarami ba ya ce wa babba "ina roƙo a yi kaza kafin Laraba", sai dai ya kawo gaisuwa, ya ambaci halin da ake ciki, ya bar babba ya gano bukatar da kansa. Maɓallan nan biyu na allo, "an amince" da "an ƙi", ba su bar wa wannan ladabi wurin tsayawa ba. Ba ina cewa asara ce tsantsa ba. Wanda ya shekara yana zarya a kan "za a duba" zai fi son a ce masa an ƙi, ya san inda dare ya yi masa.

5.0 Isowarsa Nijeriya

Kwamfutocin da suka shiga ofisoshinmu a shekarun 1990 tafireta ce mai allo: a buga wasiƙa, a fitar da ita a takarda, a huda ta a sa a fayil. Sauyi na gaske ya biyo bayan manufar ƙasa kan fasahar sadarwa da kafa hukumar NITDA a 2001, shekarar da wayar salula ta fara aiki, sai kafa Galaxy Backbone a 2006 don haɗa ma'aikatun tarayya. Abin lura shi ne ta ƙofar kuɗi tsarin ya shigo, kamar dai yadda fom ya shigo ta Baitulmali. An fara tsarin biyan albashi na bai-ɗaya, IPPIS, a 2007, tsarin kula da kasafi na GIFMIS a 2012, lambar tantancewa ta banki, BVN, a Fabrairun 2014, sannan aka tilasta asusun bai-ɗaya a 2015. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta buɗe wa takardar da kwamfuta ta fitar ƙofar kotu. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole a 2015. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya kuma ya sanya 31 ga Disamban 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su bar fayil na takarda.

Amfanin bai ɓuya ba. A Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta sanar da cire sunaye 23,846 daga jerin masu karɓar albashi bayan an gwada su da BVN. Gwamnatocin jihohi, har da ta Bauci, sun sha kafa kwamitocin tantance ma'aikata da 'yan fansho ta irin wannan hanya. Fayil na kwamfuta ba ya ɓata a ƙarƙashin tebur, ba ya jiran a sallami masinja.

Amma masu karanta wannan mujalla ba sa bukatar a ba su labarin ɗaya gefen, don a jikinsu aka yi. IPPIS an zana shi ne a kan ma'aikacin ma'aikata, mai ofis ɗaya da albashi ɗaya. Malamin jami'a kuwa yakan tafi hutun bincike na shekara a wata jami'a, yakan koyar a matsayin baƙo a wata, akwai kuma masu kwantiragi da 'yan ƙasashen waje. Tsarin ba shi da gurbinsu, abin da ba shi da gurbi kuwa, a wurin manhaja, babu shi. Wannan yana cikin manyan dalilan yajin aikin ASUU na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, ƙungiyar ta ƙera nata tsarin, UTAS, gwamnati ba ta karɓa ba, sai a Disamban 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga IPPIS. Jonathan Grudin ya riga ya faɗi sababin irin wannan rikici tun 1988, cewa tsarin haɗin gwiwa yakan faɗi idan wanda ke ɗaukar wahalarsa daban, wanda ke cin moriyarsa daban.

6.0 Suna da Baƙi a Cikin Gurbi

Mu koma inda muka fara. Bahaushe ba shi da sunan iyali irin na Bature, wanda ke bin zuriya daga kaka zuwa jika. Yana da sunan yanka, da laƙabi, da sunan uba in ana son bambantawa, da sana'a ko sarauta ko gari. Rajistar makarantar Turawa ce ta fara neman kalma ta biyu, da yake kuma Muhammadu da Abubakar sun yi yawa a aji, sai aka riƙa liƙa wa yaro sunan garinsu. Ta haka aka sami Zungur da Tafawa Balewa da Kano da Shagari da Gusau da Kaita, Sardauna ma Ahmadu Raba yake a makaranta, Abubakar Imam kuma Abubakar Kagara. Wato sunayen da muke ɗauka na tarihi, gurbin fom ne ya haife su. Amma malamin rajista mutum ne. Ya san Muhammadu da Mamman da Muhammad da Mohammed duk mutum ɗaya ne, ya san yaron da ya shiga firamare da sunan kawun da ya riƙe shi shi ne ya fita sakandare da sunan mahaifinsa.

Manhaja ba ta san wannan ba, baƙi da baƙi take gwadawa. Muddin rumbunan bayanai suna warwatse, saɓanin bai dami kowa ba. Da aka fara ɗaure su da juna, aka ce a haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa, NIN, a Disamban 2020, JAMB kuma ta wajabta lambar a 2021, sai saɓanin ya zama laifi. A ɗauki yaro daga Liman Katagum a gundumar Zungur. Takardar firamarensa tana cewa Sa'idu Muhammadu, ta jarrabawar sakandare tana cewa Saidu Mohammed, mai shagon kwamfuta da ya cike masa fom ya juya sunayen ya sa na uba a gurbin nasa. Kafin ya zauna jarrabawa sai ya shigo birni, ya yi rantsuwa a kotu cewa shi ne shi, ya biya kuɗin gyara, ya jira. Dattijon da ya ba da shekarar haihuwa bisa ƙiyasi a lokacin ɗaukarsa aiki, ya ba banki wata daban bayan shekara talatin, fanshonsa ne ke tsayawa. Yawan mutanen da takardunsu ke cewa an haife su ranar 1 ga Janairu shaida ce ta gurbin da ba ya karɓar "shekarar da aka yi fari".

Batun baƙaƙe ya fi ba da takaici, domin an daɗe da warware shi a fasahance. Jerin ASCII na shekarun 1960 an yi shi ne don Ingilishi, ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta jagoranci ƙera baƙaƙen bai-ɗaya na harsunan Nijeriya, da gudummawar Kay Williamson da mai zanen baƙaƙe Hermann Zapf. Waɗanda suka shirya mujallu irin wannan a wancan lokaci sun san yadda ake bin shafi da biro ana lanƙwasa baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya. Tun fitowar Unicode a 1991 kowannensu, babba da ƙarami, yana da lambarsa, wayar hannu ma a yau tana rubuta su. Duk da haka fom da yawa an ƙayyade musu baƙaƙe 26 na Ingilishi kawai. Saboda haka Baƙo ya zama Bako, Ɗanjuma ya zama Danjuma, Ƙofar Ran ta zama Kofar Ran, a harshen da baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ko bata da ɓata, ba abu ɗaya ba ne. Hamza kuwa laifinta daban: a harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, alamar tana nufin ƙarshen zance, don haka maƙera manhaja da yawa suka ga ya fi sauƙi su hana ta shiga da su koyi sarrafa ta. Sa'adu da Isma'ila da Rabi'atu da Nana A'isha su ne suka biya kuɗin wannan sauƙi. Jami'ar jihar da ke Gaɗau, wadda aka sauya wa suna zuwa na Sa'adu Zungur, tana cike wa ɗalibanta fom a duniyar da sunan nata ma ba ya shiga kowane gurbi yadda yake. Ko sunan jihar, ƙa'idar rubutun Hausa Bauci ta ce, amma jerin zaɓi rubutun Turawan farko ya riƙe.

Jerin zaɓi, wato gurbin da ba a rubutu a cikinsa sai dai a zaɓa daga abin da aka tanada, yana da wata illa da ta shafi wannan yanki musamman. Kudancin Bauci yana cikin wuraren da harsuna suka fi cunkushewa a Nijeriya: akwai ƙananan harsunan Cadi irin su Zangwal da Ju da Mangas da Tala da Buli da Geji, ga kuma harsunan Jarawa. Bernard Caron ya ba da rahoto a farkon shekarun 2000 cewa mutum biyu kacal ya samu masu jin harshen Luri. Ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi ƙabila ba. Inda wani fom ya tambayi harshe ko ƙabila, jerin yakan tsaya ne a kan manya, sauran a tara su a ƙarƙashin "wasu". Mai cike fom a shago, wanda layi ke jiransa, zai zaɓa wa mutumin Hausa ya wuce. Littafin harajin Bature, duk da mugun nufinsa, yakan rubuta sunan ƙabilar kowane ƙauye, shi ya sa har yau masu nazarin waɗannan harsuna suke komawa rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi don sanin inda masu magana da su suka zauna.

Sashe na 55 na tsarin mulkin 1999, kamar na 51 a na 1979, ya ambaci Hausa da Ibo da Yarbanci a matsayin harsunan Majalisar Tarayya idan an yi tanadin da ya dace. An buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa a 1990, da na kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu a 1991. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara a 2013. Amma fom ɗin da talaka ba shi da makawa sai ya cike, na lambar ɗan ƙasa da na banki da na jarrabawa, da Ingilishi suke zuwa masa, don haka aka sami sabuwar ƙofa: yaron shagon kwamfuta a Wunti ko Yalwa, wanda ke karanta tambaya da Ingilishi, ya fassara ta da Hausa, ya ji amsa, ya yanke ta daidai gurbi. Shi ne tafinta, shi ne magatakarda, kalmomin aikin ma a bakinsa ake ƙera su. Shi ya sa ake jin "a yi sabmitin" da "fotal ya rufe" da "netwok babu", alhali miƙa da tura da aika suna nan, ba a dai zauna an tsayar da wadda za ta hau maɓalli ba. Rasit ɗin harajin da kakan yaron nan na Liman Katagum ya karɓa daga hannun malamin hakimi a shekarun 1950 da Hausa aka buga shi.